Ɗalibi, Jigo da Malam Zurƙe: Duba ga Yadda Ake Nazarin Ruwan Bagaja

Duk malamin da ya taɓa karantar da littafin Ruwan Bagaja, ko a Yamai ko a Damagaram ko a ƙetaren iyaka, ya san wani abu da yakan faru. Lokacin da ake karanta shi a cikin aji, ɗalibai sukan yi ta dariya a duk inda Alhaji Imam ya yi kiciɓis da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, har su shiga gardama a kan wanda ya fi wani iya zamba. Amma ranar da aka ce su rubuta nazari, sai a nemi Zurƙe a rasa, ko kuwa a tarar an sallame shi da layi biyu. Abin da ke cika takarda shi ne cewa jigon littafin haƙuri ne da cika alkawari, salonsa mai armashi ne, kuma an yi amfani da karin magana. Ke nan ɗalibi yana da ra'ayi biyu a kan littafi guda: wanda yake faɗa da baki, da wanda yake miƙa wa malam. Na farkon ya fi kusa da abin da marubucin ya aikata.

Ba daga ɗalibin matsalar ta taso ba. Wanda ya yi lakwal ya saba da sharhin matani irin na makarantun Faransa, mai gabatarwa, da bayani kashi biyu ko uku, da kammalawa. Da ya zo ga adabin Hausa sai ya tarar da wani ma'aunin, watau jigo da warwararsa, zubi da tsari, sannan salo da sarrafa harshe, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa don nazarin rubutacciyar waƙa, daga baya aka riƙa ɗora shi a kan zube. Wannan ma'auni ya yi wa Hausa babban aiki, domin ya ba ta kalmomin da za ta yi magana a kan adabinta da bakinta. Sai dai a hannun mai tsoron jarrabawa yakan koma tamkar takardar ofis mai gurabu, a cika wannan a wuce wancan. Tun da gurbin farko jigo ne, kuma ɗalibi ya ɗauka jigo shi ne darasi, dole ya nemo wa'azi ko da littafin bai yi ba.

To, me littafin ya yi? Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, ya rubuta shi ne don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934 cikin rukunin da ya haɗa da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Yana da shekara 22, yana koyarwa a Katsina, bai daɗe da barin kujerar ɗalibi ba. Ƙashin labarin gajere ne: ɗan sarki ba shi da lafiya, Liman ya ambaci ruwan Bagaja a matsayin magani, aka yi masa ba'a, Alhaji ya tashi nema don ya fid da shi kunya. Da wannan kaɗai ne labarin, da shafi kaɗan sun ishe shi. Mafi yawan littafin kuwa a hanya ya ƙare, gari bayan gari, Alhaji da Zurƙe suna rama wa juna tsiya. Kuma Alhaji ne da kansa yake ba Koje Sarkin Labari tarihin a Kwantagora, yana ƙirga dabarunsa ba tare da wata nadama ba. Wanda ya kira wannan mutum abin koyi wajen haƙuri, ya karanta farkon littafi da ƙarshensa, ya tsallake tsakiya.

Akwai ƙorafi biyu da ɗalibai kan yi da baki, waɗanda suka cancanci a saurara. Na farko, cewa marubucin ya saki hanya, ya manta da ruwan da aka fita nema, sa'annan ya kammala da gaggawa da taimakon aljanu. Malami yakan ture wannan magana a kan rashin ladabi ne ga babban marubuci, alhali kuwa ita ce ƙofar nazarin zubi. Gaskiya ne ana iya sauya wa da yawa daga cikin haɗuwar mutanen biyu wuri ba tare da labarin ya rushe ba. Tambayar da ta kamata ita ce ko wannan aibi ne, ko kuwa irin ginin ke nan.

Amsar tana cikin ƙorafi na biyu. Da zarar ɗalibi ya ji cewa Imam ya ɗauko siffar mutanen nan biyu daga Muƙamat na Hariri, abin da shi kansa bai ɓoye ba, kuma manazarta sun nuna kamar da ke tsakanin neman ruwan da wata tatsuniyar Jamus ta ƴan'uwa Grimm, sai ya yanke hukunci cewa ashe kwaikwayo ne. Ɗalibin da ya zauna a zauren malamai a Maraɗi ko Tawa ya fi kowa damar warware wannan, domin can ake karanta Hariri. Muƙama 50 ne, kowace tana tsaye da ƙafarta, a kowace Harisu yakan tarar da Abu Zaid a wani gari cikin wata sabuwar kama yana yaudarar jama'a. Ga asalin zubin nan da ake cewa sakin hanya. Amma a duba abin da Imam ya sauya. Harisu ɗan kallo ne, ya gane mayaudari, ya zarge shi, su rabu. Alhaji ba ɗan kallo ba ne. Shi ma gwanin zamba ne, don haka kowace haɗuwa takan bar bashin da za a biya a gaba, kuma bashin nan shi ke jan mai karatu zuwa babi na gaba. Haka nan Larabcin Hariri mai amsa-amo ne, cike da baƙin kalmomi, ba ya karantuwa sai da sharhi. Imam ya zuba nasa cikin Hausar hira, wadda yaron da ya koyi boko jiya zai bi. Nan gwanintar take, kuma ba ta da gurbi a takardar da ɗalibi yake cikawa.

Ba a ce littafin ba shi da rauni ba. Matan cikinsa ba su da wani nauyi, kuma wasu daga cikin wasannin sun dogara ga wautar mutanen gari fiye da kima. Ɗalibai mata sukan lura da na farkon tun kafin malam ya ambata, ita ma wannan lura ba ta kan isa takarda ba.

Abin ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. Tun daga makarantar gwaji ta farko da aka buɗe a Damagaram a 1973, har zuwa 2025 da aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, buƙatar abin karantawa ƙaruwa take yi, kuma ɗaliban nan su ne za su rubuta shi. Wanda aka horar a kan cewa labari darasi ne da aka yi wa ado, in aka ce ya rubuta ɗan littafi a kan rigakafi ko ajiyar hatsi, zai kawo mutumin kirki da mutumin banza, ya saka wa kowa da halinsa a shafi na huɗu. Dattijon da ya sha wahalar koyon baƙaƙe zai karanta sau ɗaya ya ajiye, in ma ya kai ƙarshe.

Gyaran ba ya buƙatar a jefar da ma'aunin. Ya isa a jinkirta tambayar jigo zuwa ƙarshe, a fara da tambayar ɗalibi inda ya yi dariya da abin da marubucin ya ɓoye masa har dariyar ta zo. Ana kuma iya ba shi haɗuwa guda ya sake rubuta ta daga bakin Zurƙe, ya gani da hannunsa abin da ke sauyawa idan mai ba da labari ya sauya, sa'annan a dawo ga zubi da salo.