Ƙarfen Ya Iso, Baƙon Bai Iso Ba: Nazari Kan Wasan Grendizer

Duk wanda ya yi ƙuruciya a kudancin Jidda cikin shekarun 1980, ko Balarabe ne ko ɗan Takari irina, ba sai an gabatar masa da Grendizer ba. A gidanmu na Mada'in Fahad, Hausa muke yi da iyaye, a lungu mu yi Larabcin Hijaz da abokan ƙwallo. Larabcin littafi kuwa, kafin malamin makaranta ya gama cusa mana shi, mun riga mun tsince shi a bakin wani saurayi mai suna Daisuke, wanda ke shiga cikin ƙaton mutum-mutumin ƙarfe mai ƙahoni yana kiran sunayen makamansa da ƙarfi. Muryar Jihad al-Atrash ce, ɗan wasan Labanan. Waƙar buɗe shirin kuma ta Sami Clark ce, wanda ya rasu a 2022.

Shi ya sa da wasan bidiyonsa ya fito ranar 14 ga Nuwamba 2023, ban ɗauke shi abin yara ba. Sunansa The Feast of the Wolves, wato walimar kyarketai. Wani ƙaramin kamfanin Faransa, Endroad, shi ya ƙera shi, Microids ya buga, Manga Productions na gidauniyar Misk ta Riyad ya kawo shi wannan yanki. Na zauna da ɗan yayata muna karɓa-karɓa da abin bugawa har muka kai ƙarshe, kuma tun daga ranar nake juya abin da ya samu da abin da ya kuɓuce masa.

Sai an fara sanin gidan da abin ya fito. Go Nagai ne ya ƙirƙiro Mazinger Z a 1972, ya sa matuƙi a cikin kan mutum-mutumi kamar direba a mota. Grendizer ya biyo baya a talabijin ɗin Japan daga Oktoban 1975 zuwa Fabrairun 1977, kashi 74. A ƙasarsa bai kai yayansa suna ba. A waje ne ya yi tashe: Faransa ta karɓe shi a 1978 da sunan Goldorak, Italiya ta kira shi Goldrake, Larabawa kuwa suka bar wa mutanen cikinsa sunayensu na Japan. Irin wannan labari yana da tsari guda kamar tatsuniya. Kowane mako sarkin Vega ya turo sabon dodo, jarumi ya sha wuya, daga ƙarshe ya zaro laujensa mai baki biyu ya raba dodon gida biyu. Babu yaron da ya taɓa shakkar wanda zai ci nasara. Daɗin yana cikin jira ne.

To nan matsalar mai ƙera wasa take. Wasa yana bukatar mai bugawa ya ji tsoron faɗuwa, shi kuwa jarumin ƙarfe na wannan gida ba a san shi da faɗuwa ba. Gundam, da ya zo a 1979, ya sauƙaƙa wa masu wasanni aiki domin ya mayar da mutum-mutumi kayan yaƙi kawai, mai lalacewa, mai ƙarewar harsashi. Daga wannan jijiya irin su Armored Core suka tsiro, inda mutum zai ɓata rabin dare yana auna nauyin ƙafa da ƙarfin inji. Jerin Super Robot Wars kuma, tun 1991, ya zagaye matsalar ne: ya mayar da yaƙin kamar dara, ka tura ɗanka gida-gida, sannan ka naɗe hannu ka kalli makamin yana tashi. Masu Walimar Kyarketai sun ɗauki hanya mafi wuya, suka ce ga Grendizer nan, shiga ka tuƙa da kanka.

A sa'a ta farko sun cika alkawari. Ƙarfen yana da nauyi. Idan ya taka ƙasa ana ji, idan ya kai naushi akwai ɗan jinkirin da ke gaya maka wannan hannu ba na mutum ba ne. Dunƙulen da ke fita daga damtse ya tafi yana juyawa, tsawar da ke tashi daga ƙahoni, hasken ƙirji mai ɗaga abokin gaba sama, duk suna nan, kuma kowanne da kiran sunansa. Launukan ma ba a yi musu kwaskwarimar zamani ba. An bar ja da shuɗi da ruwan ɗorawa suna ƙyalli kamar yadda muka san su. Kiɗan Shunsuke Kikuchi aka sake shiryawa, a hannun Marcin Przybyłowicz wanda ya yi kiɗan The Witcher 3. Lokacin da sautin ya tashi na kasa magana. Ɗan yayata ya dube ni ya ce, "Kawu, lafiya?" Na ce masa ya ci gaba kawai.

Sun kuma yi dabarar sauya salo don kada hannu ya gaji: wani lokaci kana cikin faifan sama na Grendizer kana harbi gaba, wani lokaci kana cikin ƙaramin jirgin Koji, abokin Daisuke, ana kallonka daga bisa, irin wasannin da muke zuba wa kuɗi a shagunan da. Waɗannan ba su da zurfi, amma ba sa daɗewa.

Daga sa'a ta uku ne ɗinkin ya fara bayyana. Filayen suna da faɗi, sai dai fayau suke. Ka yi ta tafiya tsakanin duwatsu kana tsintar ma'adinai don ƙara wa makami ƙarfi, ka tarar da gungun abokan gaba irin waɗanda ka farfasa ɗazu, ka sake farfasa su da dabarar ɗazu. Aika jarumin da ya tsallako taurari ya je tsince-tsince rage masa daraja ne. Abin da ya fi damuna shi ne girma. Grendizer mita 30 ne, kuma ido ba ya gane girma sai da abin gwadawa: mutum a ƙasa yana ɗaga kai, mota kamar ƙwaro, tagar bene daidai kafaɗa. Wanda ya tsaya a gindin gunkin nan mai mita 33 da 'yan kai da aka kafa a Boulevard World na Riyad a ƙarshen 2022 ya san abin da nake nufi, wuya har ciwo yake. A cikin wasan kuwa, da yake sau da yawa ba kowa a filin sai kai da dodanni masu tsayinka, bayan ɗan lokaci sai ka koma ganin kanka mutum sanye da sulke. Ga hoton da ke sarƙewa nan da can, ga labarin da ya tsaya a kashin farko na yaƙin, bai kai ga ƙarshen Vega ba.

Waɗannan duk aibin rashin kuɗi ne da rashin lokaci, kuma ina yi wa ƙaramin kamfani uzuri a kansu. Akwai wanda ba na iya yi wa uzuri.

Grendizer ba labarin ƙarfe ba ne a wurinmu. Daisuke ba sunansa ba ne. Shi Duke Fleed ne, ɗan sarkin wata duniya da aka ƙone, ya tsere da ransa ya faɗo ƙasar da ba tasa ba. Wani masani, Dokta Umon, ya riƙe shi ɗa, ya ara masa suna. Da rana yana aikin dawaki a gonar Shirakaba, yana ɓoye asalinsa har ga waɗanda ke cin abinci tare da shi. Ba ya son yaƙi. Yana fita ne don ƙasar da ta ba shi masauki kada ta ga abin da tasa ta gani. Yaran Beirut da suka kalle shi ana ruwan wuta a kansu sun fahimci wannan ta hanyarsu. Mu ma mun fahimta ta tamu. Yaron da aka haifa a Jidda, bai taɓa ganin Kano ba, amma kullum ana tambayarsa daga ina yake, wanda sunansa na gida daban na takarda daban, wanda ya ga mahaifinsa yana lissafin ranar sabunta iƙama, ba ya bukatar a fassara masa Daisuke. Kuma tun da aka fara rusau a Jidda a ƙarshen 2021, unguwannin Gulail da Bitrumin da Karantina suka zama fili, maƙwabtan shekara arba'in suka watse, na ƙara gane me ake nufi da mutum ya nuna wuri ya ce nan ne gidanmu, alhali ba komai a wurin.

Wasan ya san da wannan labari, ya ma buɗe da faɗuwar duniyar Fleed. Yana barinka ka sauka daga ƙarfen, ka zaga gona da cibiyar bincike da ƙafafun Daisuke, ka yi magana da abokansa Hikaru da Koji. Amma zagayen na karɓar aike ne. Ka je wurin wane, ya faɗi jimla biyu, ka koma fagen fama. Babu inda aka sa hannunka ya ɗanɗani ɓuya, ko nauyin cin arzikin mutanen da ba su san ko kai wane ne ba. Wannan kuwa abu ne da wasa zai iya yi fiye da talabijin, domin a wasa kai ne mai yin shirun, kai ne mai zaɓar faɗa ko ɓoyewa. Ko a fagen yaƙin ma, da an cika filin da gidaje da mutane, an sa kowane naushi da ya kauce ya zama asarar wani, da an jefi tsuntsu biyu: girman ƙarfen ya fito, tsoron faɗuwa ya samu. Ba sai Grendizer ya mutu ba. Ya isa a ce ƙauyen da ya zo karewa ya rushe a ƙarƙashin ƙafarsa. A nan ne jarumin da ba ya faɗuwa yake da rauni, kuma shirin 1975 ya san haka.

Ba ƙaramin abu ba ne a ce yau Saudiyya ce ke riƙe da hannun wannan jarumi. Manga Productions na cikin waɗanda suka tsaya wa sabon shirin Grendizer U na 2024, har aka ga Riyad a cikinsa. Masu kuɗin da masu kewar yanzu a ƙasa ɗaya suke, don haka ina sa ran wasa na biyu, kuma ina fata a ba gonar Shirakaba rabin kulawar da aka ba laujen.

Da sunayen masu aikin suka fara hawa allo, ɗan yayata ya ajiye abin bugawa ya ce, "Kawu, to shi me ya sa yake ɓoye sunansa? Ai shi ne mai ƙarfi." Sa'o'i ya yi a cikin ƙarfen, wasan bai ba shi amsa ba. Na kashe talabijin, na fara ba shi labarin kakansa, wanda ya baro ƙasar Kano da ƙafa, ya yi noman ƙodago a Sudan shekara da shekaru yana tara kuɗin jirgi, kafin ya tsallako daga Sawakin zuwa wannan gaɓa.