Littattafan Al'amuran Yau da Kullum a Manhajar Hausa: Tsokaci Daga Gombe

1.0 Gabatarwa

Wannan tsokaci ya shafi wani gurbi da ya daɗe a buɗe a manhajar Hausa ta makarantun sakandare, wato rashin ingantattun littattafan zube da ke bayanin al'amuran yau da kullum, da manufofin gwamnati, da makomar al'umma. An ɗauki birnin Gombe a matsayin misali domin a nan ne Fulani da Tangale da Tera da Waja da Bolewa suke haɗuwa, Hausa kuwa ita ce harshen da ya haɗa su. Saboda haka, duk abin da ba a rubuta da Hausa ba ya wuce yawancin jama'a.

2.0 Yadda Matsalar Take

A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da haƙar man fetur a Kolmani, a kan iyakar Gombe da Bauchi. A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da janye tallafin mai. Zaizayar ƙasa kuwa ta daɗe tana cin unguwannin birnin Gombe. Ɗalibai suna jin waɗannan batutuwa a rediyo, suna kuma muhawara a kansu da Hausa. Amma malamin da ya nemi littafin da zai fayyace musu mene ne tallafi, da yadda ake raba kuɗin mai tsakanin tarayya da jihohi, sai ya tarar mafi yawan abin da ke kasuwa littattafan addini ne, da na soyayya, da na shirin jarrabawa.

Da can ba haka abin yake ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ta yi wa masu karatu bayanin Yaƙin Duniya na Biyu da Hausa tsantsa. Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Dukkansu sun nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin mulki da zaman duniya. Sai dai a yau darajarsu ta tarihi ce da ta salo. Ba za su amsa tambayar ɗalibin da ke son sanin kasafin kuɗin jiharsa ba.

Ba kuma za a ɗora laifin a kan ƙarancin kalmomi ba. Tun a 1991 Hukumar NERDC ta wallafa ƙamus na kalmomin majalisa cikin Ingilishi da Hausa da Ibo da Yarabanci, sashe na 55 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ambaci Hausa cikin harsunan da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su. An tanadi kalmomin, littattafan da za su raya su ne ba a rubuta ba.

3.0 Nazarin Abin da Ake da Shi

Abin da ake samu ya kasu kashi uku. Na farko shi ne tarihin rayuwar 'yan siyasa, wanda sau da yawa yabo ya rinjayi bincike a cikinsa. Na biyu shi ne ƙasidun wayar da kai da aka fassara daga Ingilishi. Bayaninsu yakan inganta, amma jimlolinsu na Turanci ne sanye da rigar Hausa, har ɗalibi ya karanta shafi guda bai kama zaren maganar ba. Na uku shi ne sharhin jaridu irin su Aminiya. Wannan ya fi sauran kusanci da zamani, illa dai labarin jarida yakan tsaya ga abin da ya faru, ba ya cika bin diddigin sababi.

4.0 Ma'aunin Zaɓe

Kafin a shigar da littafi cikin manhaja, ya kamata a tambaya: Shin marubucin ya faɗi inda ya samo alƙalumansa, da shekarar da aka tattara su? Ya bambanta tabbataccen bayani da ra'ayinsa? Ya kawo hujjar masu saɓa masa cikin adalci? Idan ya yi hasashen gaba, ya nuna dalilan da ya dogara a kansu? Littafin da ya gaza a tambaya ta farko bai cancanci shiga aji ba, komai daɗin Hausarsa.

5.0 Shawarwari

Mawallafa ba sa buga abin da manhaja ba ta nema ba. Don haka, gyaran daga masu tsara manhaja zai fara: a ware wa zube na bayani gurbi a jerin littattafan karatu, kamar yadda aka ware wa waƙa da wasan kwaikwayo. Sannan a haɗa malaman Hausa da masana tattalin arziki da na muhalli a Jami'ar Jihar Gombe da Jami'ar Tarayya ta Kashere, su rubuta gajerun littattafai da Hausa tun daga tushe, a riƙa sabunta su. Kafin nan, malami zai iya kawo sharhin jaridu biyu a kan batu guda, ya sa ɗalibai su auna su da ma'aunin da aka ambata a sama.