Soyayya a Takarda: Littattafan Kano da Manga a Hannun Ƴan Makarantar Damagaram

Littattafan soyayya sun shigo Damagaram ta hanyar da atamfa da kaset ɗin fim suka biyo, wato hanyar Kano, a cikin kayan ƴan kasuwa. Labaran zane na ƙasar Japan kuwa, waɗanda ake kira manga, ta ƙofar Faransanci suka shigo, domin Faransa ce kasuwarsu mafi girma bayan Japan ɗin kanta. Yau ana iya tarar da su biyun a wayar ɗaliba guda, kuma hukuncin da manya ke yanke musu ɗaya ne: ɓata tarbiyya. Wannan hukunci ya yi gaggawa, don an yanke shi ba tare da an buɗe littafin ba.

A fara da na gida. Tun 1980 Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya, amma sai a ƙarshen shekarun 1980 rubutun ya tumbatsa, lokacin da marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar sunan adabin kasuwar Kano, ya soke ta, Abdalla Uba Adamu ya kare ta, aka daɗe ana kai ruwa rana a jaridu. Ƙarfin waɗannan littattafai shi ne sun faɗi abin da ake rufewa a tsakar gida. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990), an cire yarinya Abu daga makaranta an aurar da ita ga tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi da kanta. A ƙasa irin Nijar, inda alƙaluman UNICEF ke nuna kusan kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin shekara 18, mai karatu ba ta bukatar a fassara mata Abu. Ta san ta, wataƙila benci ɗaya suka zauna a aji.

Alhaki Kuykuyo Ne, na marubuciyar dai, ya fi shi nauyi. Rabi, uwar ƴaƴa tara, mijinta ɗan kasuwa ya kore ta saboda amarya, ta shiga sayar da abinci tana riƙe yaranta. Abin yabo a nan shi ne lissafi: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, kayan ɗakin ƴa. Marubuciyar ta gane cewa aure a ƙasar Hausa ba ya rabuwa da tukunya. Ba mamaki shi ne ya ƙetara, aka buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya a 2012.

Manga ya fi ƙarfi a wani fanni dabam, wato shiru. Mai zane na iya ba da shafi guda ga ido ɗaya da hannun da ya tsaya bai kai ga taɓa ƙofa ba, mai karatu ya cika sauran da kansa. (Daga dama zuwa hagu ake karanta shi, abin da ba ya ba wanda ya riƙe allo wahala.) Marubucin Kano kuwa sau da yawa ba ya yarda da mai karatunsa: sai saurayi ya zuba kalaman so shafi uku, budurwa ta mayar da shafi huɗu, har zancen ya koma wasiƙa. Manga ya kuma fi faɗin fage. A La Rose de Versailles na Riyoko Ikeda, wanda ya fara fitowa a 1972, Oscar mace ce da ubanta ya rena kamar namiji, ta zama shugabar dogaran Marie-Antoinette, daga bisani ta koma bayan talakawa a juyin juya halin 1789. Soyayya na nan, amma tana tafiya tare da tarihi da tambayar wane ne ya cancanci mulki. Labarin soyayya da zai tsaya haka a cikin Birnin Zinder, a zamanin Tanimun ko ranar da Faransawa suka shigo a 1899, zai sami masu karatu, kuma kayan aikinsa na nan zube.

Aibin da suka yi tarayya a kai daga kasuwa yake. Manga kashi-kashi yake fitowa a mujalla, muddin ana saye ba a barin labari ya ƙare. Littafin Kano ma na ɗaya, na biyu, na uku ne, ana yanke shi daidai inda zuciya ta tsinke don a dawo a sayi na gaba. Sakamakon ɗaya ne: rashin fahimtar da kalma guda za ta warware sai a ja shi har juzu'i biyar, a kawo hatsarin mota, a kawo mantuwa, a tono wani ɗan'uwa da ba a taɓa ambata ba. Wani lokaci ma ƙarshen ba ya zuwa. Nana na Ai Yazawa, wanda yana cikin mafi kyawun abin da aka zana kan abotar mata biyu, ya tsaya a 2009 a juzu'i na 21 saboda rashin lafiyar mai shi.

Aibi na biyu ya fi haɗari ga yarinya mai shekara 15. A Hana Yori Dango na Yoko Kamio (1992), ɗan masu kuɗi yana wulaƙanta ƴar talakawa, yana sa a tsangwame ta a makaranta, sannan labarin ya juya wulaƙancin ya mai da shi alamar so. Irin wannan miskilin attajiri ya cika labaran Hausa da ake yaɗawa ta WhatsApp: mai tsawa, mai kishi, mai mota, wanda haƙurin yarinya ke narkar da shi a babi na ƙarshe. Abin lura, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya bi akasin haka tun farkon shekarun 1990, inda ƴar masu hali Sumayya ta zaɓi talaka Muhammad ta ƙi mai dukiya. Faɗawarta rijiya dai rauni ne, domin marubucin ya ba ta zuciyar ƙin auren dole amma bai ba ta wata dabara ba sai halaka kanta. Kishiya kuma, a Kano ko a Tokiyo, kusan kullum shaiɗaniya ce marar dalili, kamar ita ba ƴar kowa ba ce.

An gwada maganin wuta. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona irin waɗannan littattafai a wata makarantar ƴan mata a jihar Kano, daga baya kuma hukumar tace fina-finai ta nemi marubuta su yi rajista. Labaran ba su mutu ba, sun koma waya, inda babu edita balle mai gyaran rubutu. Ga Nijar, batun ya ƙara nauyi tun Maris 2025, da sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki. Harshen ƙasa na bukatar masu karanta shi don jin daɗi, kuma da yawa daga ƴan matan Damagaram da ke karanta Hausar boko ba tare da tuntuɓe ba, a labarin soyayya suka goge. Malamin da ya ajiye babi ɗaya na Balaraba kusa da shafi biyu na Ikeda, ya tambayi aji dalilin da ya sa Rabi ta karɓi mijinta bayan shagonsa ya ƙone, da wanda ya matsa mata ta karɓe shi, zai sami muhawarar da za ta wuce ƙararrawar tashi.