Mawaƙi da Ubangidansa: Nazari a kan Suna da 'Yancin Baki a Waƙar Hausa

Nufin wannan takarda shi ne a duba wata tambaya wadda ta daɗe tana damun masu waƙa a ƙasar Hausa, ko da ya ke ba kasafai su kan furta ta a fili ba. Tambayar ita ce, bakin mawaƙi nasa ne, ko kuwa na wanda ya ke ciyad da shi? Masu sauraro su kan yanke hukunci da sauri, su ce wane ya sayad da bakinsa, wane kuwa mai faɗin gaskiya ne. Mu ɗaliban harshe ya kamata mu bi a hankali. Za mu fara da sunayen da Bahaushe ya ba masu wannan sana'a, sa'an nan mu gwada waƙoƙi biyu masu suna ɗaya, daga nan mu gangaro zamanin faifai da situdiyo, mu ga abin da ya sake da abin da bai sake ba.

Sunaye uku

Bahaushe yana da kalmomi uku da ya kan kira mai wannan sana'a da su, watau maroƙi, da makaɗi, da mawaƙi. Ginin ukun ɗaya ne: an sa ma- a gaba, an sa -i a ƙarshe, kamar yadda a ke gina manomi da maƙeri. Amma in mai karatu ya lura, kowace kalma tana jawo wani abu a bayanta. In an ce makaɗi, hankali ya tafi ga abin kiɗa, kotso ko kalangu ko taushi. In an ce mawaƙi, hankali ya tafi ga magana da murya. In kuwa an ce maroƙi, to, lalle sai an sami mutum na biyu, gama ba a roƙo sai da wanda a ke roƙa. Ashe ubangida yana zaune a cikin kalmar tun ba a ambace shi ba.

M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna a rubuce-rubucensa na 1957 da 1959 cewa roƙo sana'a ce mai tsari, kuma jama'a sun ajiye masu yin ta a matakin ƙasa, kusa da mahauta. Abin lura a nan shi ne, mutumin da bakinsa ke ɗaukaka sarki, shi kansa ba a ɗauke shi da daraja ba, har waɗansu gidaje ba su yarda su ba shi 'ya aure. Saboda haka ne mawaƙa da yawa su ke ƙin a kira su maroƙa, na zamanin nan kuma su ka fi son a ce da su fasihai. Rigimar suna ita ce rigima ta fari da mawaƙi ya ke yi, tun bai buɗe baki ya yi waƙa ba.

Akwai kuma wani ɗan harafi da ya cancanci a duba, watau -n na mallaka. A kan ce Ibrahim Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, kamar yadda a kan ce dokin Sarki ko gonar Sarki. Mamman Shata kuwa ba a jingina shi ga kowa da wannan harafi ba. Wannan bambanci shi za mu bi cikin waƙoƙinsu.

Bakandamiya biyu

Bakandamiya ita ce waƙar da mawaƙi ya ke ɗauka ta fi sauran waƙoƙinsa, kuma a cikinta ya kan faɗi ko shi wane ne. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa. Ga wanda ya ke neman sanin yadda mawaƙi ya ɗauki kansa, babu wurin dubawa da ya fi nan.

A Bakandamiyar Narambaɗa, ɗiyan waƙar cike su ke da yabon kai. Yana wasa gwanintarsa, yana ƙasƙantad da abokan hamayya, yana nuna cewa waƙa ilmi ce da ba kowa ya ke da shi ba. Amma gindin waƙar, wanda 'yan amshi su ke komawa gare shi bayan kowane ɗa, kirarin ubangidansa ne. Kome nisan da jagora ya yi cikin zancen kansa, amshi ya kan komo da shi ƙofar fada. Ginin waƙar da kansa ya bayyana matsayin mai ita: yana da iko ya ce ya fi kowane makaɗi, muddin ya faɗi haka a ƙarƙashin inuwar Sarki.

A ta Shata kuwa gindin godiya ce, makaɗi da yaransa su ke yi, ba a ambaci sunan wani basarake ba. Ɗiyan kuma labarin Shata ne, da ƙasashen da ya taka, da waɗanda su ka ja da shi. Ya yi shekaru yana rera ta, yana ƙari yana ragi, har ya zama ba ta da siga ɗaya tak. Duk da haka kada mu yi saurin cewa ga mutumin da ya rabu da roƙo, gama ba a godiya sai an karɓi wani abu. Abin da Shata ya yi shi ne, ya ɗauke godiyar daga kan mutum ɗaya ya shimfiɗa ta a kan taro.

Tarihinsa ya gaskata wannan. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba su gaji kiɗa ba, mahaifinsa kuma bai so ya shiga waƙa ba, don yana ganin ta roƙo ce. Da ya shiga, bai zauna a fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da mata, har mashaya ya yi musu. Ya yi zambo ga wanda ya ga dama, kamar yadda a ke ji a Gagarabadau, alhali zambon makaɗin fada ba ya wuce abokan hamayyar ubangidansa. Dandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Amma da ya rasu a 1999, a Daura a ka binne shi, garin Sarki Muhammadu Bashar wanda ya daɗe yana yi masa alheri. Ke nan 'yancin Shata daga yawan iyayengiji ya zo. Wanda ya ke da ƙofa ɗari, in an rufe masa ɗaya ba ya kwana da yunwa, don haka ya na iya cewa a'a.

Ɗan Maraya Jos ya bi wata hanya dabam zuwa wuri ɗaya. An haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan garin ne, shi ma a gidan Sarkin ya tashi bayan ya zama maraya. Sai ya ɗauki kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, yana kaɗawa yana waƙa shi kaɗai, ba 'yan amshi. Makaɗin kotso ko na kalangu yana da ƙungiya a bayansa, kowa da iyali, tilas ya nemi mai bayarwa da yawa. Mai kuntigi nauyinsa kaɗan ne, shi ya sa ya sami sukunin yi wa karen mota waƙa, ya kuma yi magana a kan auren dole. Har ya rasu a 2015, talaka ne ya fi yawa a bakinsa. Ƙarancin bukata ma wani irin 'yanci ne.

Zamanin faifai da situdiyo

Da garmaho da rediyo su ka zo, musamman bayan an buɗe gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna a 1962, muryar mawaƙi ta rabu da jikinsa. A da, waƙa tana inda mai ita ya ke, in ya yi shiru ta yi shiru. Yanzu ta zama kaya, a na iya saye, a na iya sayarwa, a na iya kwafa ba da saninsa ba. Daga nan sabuwar tambaya ta taso: wa ya mallaki faifan?

Wannan tambaya ba a ƙasar Hausa kaɗai a ka yi ta ba, kuma misali ɗaya daga waje zai taimaka, don shi ma a kan suna ya tsaya. A Amurka, mawaƙin nan Prince ya yi rigima da kamfanin Warner Bros. a kan mallakar ainihin faya-fayansa da lokacin fitad da su. A 1993 ya ajiye sunansa ya ɗauki wata alama da ba ta furtuwa, ya riƙa fitowa da kalmar da ke nufin bawa a rubuce a kumatunsa. Sai a 2000 ya koma ga sunansa, a 2014 kuma a ka daidaita ya sami mallakar faya-fayan, shekara biyu kafin mutuwarsa. A can takardar yarjejeniya ce ta tsaya a matsayin harafin mallakar nan da mu ka ambata.

Mawaƙin Hausa na situdiyo bai cika haɗuwa da babban kamfani irin wannan ba. Iyayengijinsa ƙanana ne, amma suna da yawa, kowa da abin da ya ke so. Mai shirya fim yana son waƙar soyayya da za ta dace da rawa. 'Yan kasuwar kaset da faifai, irin na Ƙofar Wambai a Kano, su kan sayi aiki gaba ɗaya, ribar da ta biyo baya ta zama tasu. Da wayar hannu ta yawaita, masu tura waƙa a waya su ka karya wannan kasuwa, ba tare da mawaƙi ya sami ko kwabo ba. A yau akwai YouTube da Audiomack da TikTok, waɗanda su ka buɗe ƙofa, amma su ma suna da nasu sharaɗi, gama abin da ya yi gajarta ya kuma motsa ƙafa shi ya fi yawo.

Ga kuma hukuma. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 kotu ta ɗaure Adam Zango saboda fitad da faifan Bahaushiya ba tare da an tace shi ba. A 2009 a ka hana sauraron waɗansu waƙoƙi, cikinsu har da Hasbunallahu ta Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, a ka kuma kama shi bisa tuhumar fitad da waƙa ba izini. Hukumar ta tsaya a kan cewa aikinta kare tarbiyya ne da bin doka. Abin da ya shafi mai nazari shi ne salon waƙar: addu'a ce da kai ƙara ga Allah, an bar mai sauraro ya gane wanda a ke nufi. Wannan shi ne habaici, tsohon makamin wanda ya san baki shi ke yanka wuya.

Da kasuwa ta gaza ciyad da mawaƙi, da yawa sun koma ga biki da siyasa. A nan ne roƙo ya komo da sabuwar riga, kuma a ganinmu ya komo da muni fiye da na da. Sarki ya kan riƙe makaɗinsa har mutuwa, ya ba shi gida da doki da sutura, ya kuma ba shi lokaci, har waƙa ɗaya ta yi shekaru a na goge ta. Ɗan siyasa yana son waƙa kafin ranar taro, bayan zaɓe kuma ya na iya mantawa da mai ita. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma askin gaggawa ba ya kyau. Shi ya sa mu ke jin mawaƙi ya yabi mutum bana ya zage shi baɗi, da kalmomi kusan iri ɗaya, sunan kawai a ka sauya.

Abin da ya kamata mai nazari ya auna

Daga abin da ya gabata, muna ganin kuskure ne a auna mawaƙi da cewa ya yi yabo ko bai yi ba. Narambaɗa a ɗaure ya ke wajen jigo, amma wajen sarrafa harshe babu wanda ya ɗaure shi, ga shi har yau a na karanta waƙoƙinsa a jami'o'i, bayan shi da Sarkin da ya yi wa sun daɗe da barin duniya. Tambayoyi uku sun fi amfani. Ta fari, mawaƙin yana da ikon ƙin yin waƙar da a ka nema? Ta biyu, in an cire sunan wanda a ka yaba, akwai sauran abin saurare? Ta uku, bayan an gama, wa ya mallaki aikin?

Tambaya ta biyu aikin masu nazarin adabi ce, mu kuwa ya kamata mu riƙa yin ta ba sani ba sabo, ga na da da na yanzu. Ta fari da ta uku kuwa sun rataya ga abin da mawaƙi zai ci. Muddin mai sauraro yana karɓar waƙa kyauta a wayarsa, to, ya san wani ne ya biya, kuma wanda ya biya shi zai zaɓi abin da za a faɗa. Jama'ar da ta ke son mawaƙi ya faɗa mata gaskiya, sai ta ɗauki rabonta na ciyad da shi, kamar yadda taron da Shata ya ke yi wa godiya ya ɗauka.