Ci Kafin a Ci Ka: Nazarin Wasannin Bidiyo na Sauyin Halittar Dabbobi

Wasan sauyin halitta wani reshe ne na wasannin bidiyo da ake sa mai wasa ya shiga jikin dabba, yawanci 'yar ƙarama mara ƙarfi, a sake shi cikin daji ko teku ya nemi abin da zai ci kafin a ci shi. In ya ci ya rayu, jikinsa yakan sauya: haƙori ya ƙaru, ƙafa ta fito, ƙaho ya tsiro, har ya koma farautar abin da a da yake guje wa. Masu ƙera wasannin suna kiran wannan da sunan da masana bayoloji suka ba canzawar jinsin dabbobi da tsirrai cikin dogon zamani. Daga nan gardamar da ta dabaibaye reshen ta taso, domin abin da ake gani a allo da abin da ke cikin littafin makaranta ba kasafai suke haɗa hanya ba.

Tushen reshen abu ne da duk wanda ya riƙe wayar Nokia ya sani. Kamfanin ya sa wasan Snake a wayarsa samfurin 6110 a 1997, sannan ya sa na biyunsa a 3310 a shekarar 2000. Da layukan GSM suka shigo Najeriya a 2001, macijin nan ya shiga aljihun 'yan kasuwa da ɗalibai daga Legas har Kafanchan. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ci ka yi tsawo, tsawon kuma ya zame maka tarko. Babu haihuwa a ciki, babu gado, amma yana nuna ginshiƙin da sauran suka hau, wato ci shi ne girma. Agar.io na 2015, inda ƙwaya ke haɗiye wadda ta fi ta ƙanƙanta tana gudun wadda ta fi ta girma, da Hungry Shark Evolution na 2012, duk jikokin wannan tunani ne.

Wani mataki kuma shi ne aka mayar da jikin dabba kamar shago. A E.V.O.: Search for Eden, wanda kamfanin Enix na Japan ya fitar a 1992, mai wasa yakan fara a matsayin kifi. Duk naman da ya ci ana rubuta masa maki, da makin yake sayen muƙamuƙi mai ƙarfi ko wutsiya mai sauri ko ƙaho, yana hawa daga ruwa zuwa tudu zamani bayan zamani. Spore, na Will Wright, wanda ya fito a watan Satumba na 2008, ya kai wannan tsari ƙarshensa. Matakansa biyar ne, daga ƙwayar halitta guda cikin ruwa har zuwa al'ummar da ke yawo tsakanin taurari, kuma a tsakani ana ba mai wasa wurin da zai ja kashin baya, ya liƙa ido inda ya ga dama, ya ƙara hannu ko ya cire. Abin sha'awa ne ƙwarai a gani. Sai dai da mujallar Science ta tara masana a watan Oktoba na 2008 suka auna shi, a fannin sauyin halitta ya faɗi, kuma hukuncin ya yi daidai. Dabbar Spore ƙerarriya ce, mai wasa ne ya zauna ya tsara ta yadda maƙeri ke tsara fartanya.

Akwai wasanni biyu na Japan da suka fi waɗannan ban mamaki, suka kuma fi su kusantar gaskiya ta wata fuska, domin sun yarda cewa dabbar da ake wasa da ita za ta mutu. Na farko Cubivore ne, na na'urar GameCube, 2002. Komai a cikinsa mai kusurwa ne: dabbobin kamar dunƙulen magi, da faifai-faifai maƙale a jiki a madadin ƙafafu. Mai wasa yakan fara da ɗan alade mai gaɓa ɗaya. Yakan kayar da abokin gaba, ya fizge gaɓarsa ya cinye, launin naman da ya ci kuwa shi ke yanke siffar da zai koma da irin tafiyar da zai yi, ko tsalle ko jan ciki ko birgima. Amma yawan gaɓoɓinsa ba ya ƙaruwa sai ya yi barbara, a haifi ɗa mai gaɓa fiye da ta uban, wasan ya koma hannun ɗan.

Na biyu, Tokyo Jungle na PlayStation 3, 2012, ya cancanci a tsaya a kansa. Mutane sun ɓace daga birnin Tokyo, ciyawa ta rufe titunan unguwar Shibuya, dabbobin gida da na gidan zu sun gaji garin. Sabon mai wasa zaɓi biyu gare shi: ɗan mitsitsin kare mai gashi, irin wanda ake goyo a falo, ko barewa. A ce ya ɗauki karen. A saman allo akwai ma'aunin yunwa da ba ya daina raguwa. Karen yakan laɓe cikin dogayen ciyayi, ya jira zomo ko kaza ta juya baya, ya daka tsalle ya kama wuya. Ya ci, ma'aunin ya ɗan cika, sai ga garken karnukan da suka fi shi, ko kura, dole ya bar sauran naman ya arce. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, a nan kuwa gudun bayan cin ne ya fi yawa. Shekarun wasan suna wucewa cikin 'yan mintoci, kuma in dabba ta kai goma sha biyar ba ta bar baya ba, tsufa zai ɗauke ta, wasa ya ƙare. Saboda haka sai karen ya yi alama a wuraren da ke nuna yankin nasa ne, ya nemi mace. Matan ma hawa-hawa ne: wadda ta fi kyau ba ta kula wanda bai ƙoshi ba, ta ƙarshe kuwa tana karɓar kowa amma 'ya'yanta kaɗan ne, ga ƙuma. Da an haihu, uban ya fita daga labari. Mai wasa ya koma ɗaya daga cikin 'yan kwikwiyon, 'yan'uwansa na biye da shi, in ya mutu wani ya ɗauka. Ba a cika samun wasan da ya sa mutum ya ji a jikinsa cewa ran mutum ɗaya gajere ne, zuriya ce mai tsawo, kamar wannan ba.

Duk da haka ko shi bai kuɓuta daga kuskuren da ya zama ruwan dare a reshen ba. Ƙarfin da uba ya tara da gumin kansa shi ake zuba wa 'ya'yansa. Wannan ra'ayin Lamarck ne, Bafaranshen da ya rubuta a 1809 cewa abin da dabba ta samu ta hanyar amfani da gaɓa ana gadonsa, wanda ake yawan kwatantawa da raƙumin dawa mai miƙa wuya. Ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Kafanchan da Kagoro da Zonkwa suna karanta shi gab da Darwin don jarrabawar WAEC da NECO, kuma an koya musu cewa kimiyya ta bar shi. Bayanin Darwin na 1859 ya sha bamban: 'ya'ya sukan zo da bambance-bambance ba da zaɓin kowa ba, yanayi ya kashe wasu ya bar wasu, waɗanda suka saura su hayayyafa. Babu dabbar da ta sauya a rayuwarta, taron ne ke sauyawa. Dalilin da ya sa masu ƙera wasa ke kauce wa wannan a fili yake. Wasa yana rayuwa ne da zaɓin mai wasa da ladan ƙoƙarinsa, tsarin Darwin kuwa ba ya tambayar kowa abin da yake so. Bahaushe da ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe gado yake nufi, bai ce gudun da uwar ta sha ne ya shiga ƙafar ɗan ba, kuma a kan wannan ɗan siririn bambanci mafi yawan wasannin suke zamewa.

Wanda ya fi kowa ƙoƙarin tsayawa a kan ƙa'ida shi ne Niche, na wani ƙaramin kamfani a birnin Zurich na Suwizalan mai suna Stray Fawn Studio, wanda ya kammalu a 2017. A nan garke ake riƙewa, ba dabba ɗaya ba. Kowace tana ɗauke da ƙwayoyin gado bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, wani mai rinjaye wani mai ɓuya, yadda masanin gado Mendel ya bayyana. Garken da ya yi ta auratayya a cikin gida yakan tara ƙwayoyin garkuwar jiki iri ɗaya, 'ya'ya su fito da ciwo, zuriya ta ƙare ko da abinci ya wadata. Mutumin kudancin Kaduna ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san gwajin jini da coci-coci da iyalai da yawa ke nema kafin ɗaurin aure, ya san cewa in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin yawan wannan ƙwaya a ƙasashen sauro: Anthony Allison ya nuna a 1954 cewa mai ɗauke da guda ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Manomin citta a Kachia da Jaba shi ma ya ga nasa darasin. Citta ba da ƙwayar iri ake shuka ta ba, gutsuren saiwarta ake binnewa, don haka gona guda kusan jiki guda ce, kuma yankin ya dogara ne a kan iri biyu, tafin giwa da yatsun biri. Da cutar ruɓewa ta faɗo a daminar 2023, ta bi gonaki ɗaya bayan ɗaya ba ta sami turjiya mai yawa ba. Haka ma ƙwayar cutar maleriya ta saba da kulorokwin har Najeriya ta sauya maganin farko a 2005. Waɗannan su ne sauyin halitta da zaɓin yanayi a bakin ƙofa, kuma cikin duk wasannin, Niche kaɗai ya kama kamanninsu.

Ancestors: The Humankind Odyssey, na Patrice Désilets, 2019, shi ne ya kawo labarin Afirka. Yana farawa shekaru miliyan 10 da suka wuce da dangin birai a kurmi, ba ya kuma gaya wa mai wasa komai: sai ya sansana, ya ɗanɗana, ya gwada dutse a kan kwakwa, maciji ya sare shi ya nemi ganye. Cikin matakansa akwai halittar da aka tono ƙoƙon kanta a hamadar Jurab ta Chadi a 2001, wadda aka laƙaba wa Toumaï. Batun asalin ɗan Adam shi ne inda Musulmi da Kirista na kudancin Kaduna, waɗanda duka suka yi imani da halittar Adamu, suke ja da baya, don haka wannan wasa ya fi sauran taɓa wurin da ke da zafi. Wasannin kifi da kare ba sa tayar da wannan ƙura.

In aka ajiye littafin bayoloji aka dubi wasannin da idon adabi, danginsu na kusa tatsuniya ce. Labaran da ake yi da dare na yadda kura ta sami ɗingishi, ko yadda bayan kunkuru ya tsattsage, duk tsarinsu ɗaya da na E.V.O.: dabba ɗaya ta yi wani abu, jikinta ya sauya, jikokinta suka gada har yau. Gizo ma, mara ƙarfi mai yunwa kullum, wanda ke rayuwa tsakanin zaki da kura da wayo kawai, shi ne ainihin jarumin Tokyo Jungle ko da masu wasan ba su taɓa jin sunansa ba. Ta wannan ma'auni bai kamata a yi wa wasannin hukuncin ƙarya ba, yadda ba a ce wa mai tatsuniya maƙaryaci. Laifin yana zuwa ne lokacin da aka sayar da tatsuniya da sunan darasi, kamar yadda aka tallata Spore.

A Kafanchan, kamar sauran garuruwan Najeriya, shagon gem ɗaki ne guda da talabijin biyu ko uku, benci, da janareta a bakin ƙofa. Ana biya ne wasa-wasa, mutum biyu su kara, wanda aka ci ya miƙa wa na layi. Wannan tsari ƙwallon ƙafa ya dace da shi, shi ya sa FIFA da PES suka mamaye shagunan. Wasan da ke bukatar mutum ɗaya ya zauna awa uku yana renon zuriya ba ya biyan kuɗin fetur. Don haka reshen ta waya yake shigowa, kuma nau'insa mafi sauƙi ne ke isowa, na ci-ka-girma, wanda ake saukewa kyauta ko a tura wa juna ta manhajar Xender. Cubivore kuwa kwafinsa kaɗan aka buga a Amurka, ya zama kayan masu tara tsofaffin wasanni. A cikin waɗanda aka ambata babu mai Hausa, balle harsunan Jju ko Tyap ko Hyam, dabbobinsu kuma na wasu ƙasashe ne ko na ƙirƙira. Kayan aikin dai suna nan jibge a yankin: duwatsun Kagoro da kurmin da ke gindinsu, birai da gafiya da gyazbi da fakara, gobarar daji ta rani da ke sauya wa kowace dabba lissafi, da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, wanda tun asali yake rufe girbi ya buɗe lokacin farauta.