Rabuwa da Haɗewa a Tarihin Izala: Sharhi a Kan Littafin Ramzi Ben Amara

Gabatarwa

A shekarar 2020 aka buga littafin Ramzi Ben Amara mai suna The Izala Movement in Nigeria: Genesis, Fragmentation and Revival a birnin Gottingen na ƙasar Jamus. Asalinsa kundin digiri na uku ne da marubucin ya gabatar a Jami'ar Bayreuth. Kafin shi, Roman Loimeier a 1997 da Ousmane Kane a 2003 sun yi rubutu mai zurfi a kan Jama'atu Izalatil Bid'ah wa Iƙamatis Sunnah, amma Ben Amara ne ya ɗauki rabuwar ƙungiyar ya mayar da ita ginshiƙin bincikensa. Manufar wannan sharhi ita ce a auna abin da littafin ya cimma, a nuna giɓin da ya bari, sannan a duba yadda tarihin wata mazhabar Kirista zai taimaka wajen cike giɓin.

Abin da littafin ya cimma

An kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin jagorancin Shaikh Isma'ila Idris, da goyon bayan Shaikh Abubakar Mahmud Gumi. Saɓani ya fara ɓulla tun cikin shekarun 1980, ya fito fili a farkon shekarun 1990, aka wayi gari da ɓangaren Jos da ɓangaren Kaduna. Rasuwar Shaikh Gumi a 1992 ta ɗauke dattijon da kowa ke jin kunyarsa. Bayan rasuwar Shaikh Isma'ila Idris a 2000, Shaikh Sani Yahaya Jingir ya gaje shi. A ƙarshen 2011 aka shelanta haɗewa, Shaikh Abdullahi Bala Lau ya zama shugaban ƙungiya na ƙasa. Haɗewar ba ta ɗore ba, har yau gida biyu ake.

Falalar littafin ita ce adalci wajen naƙali. Marubucin ya zauna da malaman ɓangarorin biyu, ya kawo hujjar kowa, bai rataya rabuwar a kan dalili guda ba. Akwai batun shugabanci da amanar dukiya, akwai mas'alar hukuncin 'yan ɗariƙa da abin da ke biyo bayanta na bin sallarsu da cin yankansu, akwai kuma bambancin matsayi a kan Yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991. Wannan ya ɗara yawancin abin da ake ji daga bakin almajiran kowane ɓangare, inda ake ba da tarihin tamkar hukuncin alƙali a kan wanda ba ya nan.

Giɓin da ya rage

Littafin, kamar waɗanda suka gabace shi, tarihin shugabanni ne da manyan birane. Mai karatu zai fahimci abin da ya gudana tsakanin Jos da Kaduna, amma ba zai ga yadda rabuwar ta sauka a gari irin Zakirai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, da ƙauyukan da ke kewaye da shi ba. A irin wannan ƙasa mai cike da jama'a, inda gona ke manne da gona kuma auratayya ta sarƙe gidaje, tambayoyin da rabuwa ke tayarwa daban ne: wa zai ja sallah, wa ke riƙe da mabuɗin Islamiyya, filin da wani bawan Allah ya bayar ya zama na wane ɓangare, 'yan agaji za su bi umarnin wa ranar wa'azin ƙasa. Manomin da ya ba da damin gero aka yi rufin masallaci shi ne ke ɗaukar nauyin saɓanin, shi ne kuma ba a jin muryarsa a littattafai.

Mu ma ɗaliban ilimin addini muna da namu kason a wannan naƙasu. Ma'aunin da muka gada daga Maƙalatul Islamiyyina na Imamul Ash'ari, da Al-Farƙu bainal Firaƙ na Bagadadi, da Al-Milal wan Nihal na Shahrastani, an gina shi ne don rarrabe maganganun aƙida, kuma hadisin firƙoƙi 73 ya yi tasiri a tsarin wasunsu. Ma'auni ne mai daraja a fagensa. Amma idan aka ɗora shi a kan ƙungiyar zamani mai kundin tsarin mulki da ma'aji da rassa, sai ya sa a nemi saɓanin usulu a inda galibi saɓanin tafiyarwa ne.

Darasi daga Firesbiteriyan

Firesbiteriyan mazhaba ce ta Kiristocin Furotesta wadda majalisun dattawa ke gudanar da ita maimakon bishof. Ta iso Najeriya a 1846 ta hannun Hope Waddell a Kalaba. Ba aƙidarta ce abin dubawa a nan ba, tsarin rabuwarta ne, domin 'yan mazhabobi kaɗan ne suka kai ta yawan rabuwa da haɗewa, kuma takardun lamarin suna ajiye.

A 1843 limaman coci sama da 450, daga cikin kusan 1,200, suka fice daga Cocin Sikotland ƙarƙashin jagorancin Thomas Chalmers. Ba su saɓa da 'yan'uwansu a rukunan imani ba. Rigimar ita ce: attajiri mai ƙasa ne zai naɗa wa jama'a limami, ko jama'a na da ikon ƙin wanda ba su so? Sakamakon haka garuruwa da dama suka samu majami'u biyu masu karanta littafin aƙida ɗaya. A 1900 mafi yawan waɗanda suka fice suka haɗe da wata ƙungiyar, 'yan tsiraru suka ƙi, suka kai ƙara. A 1904 kotun ƙoli ta Birtaniya ta lokacin ta ba 'yan tsirarun dukiyar baki ɗaya, bisa hujjar cewa su ne suka tsaya a kan manufar da aka tara ta dominta. Sai da majalisar dokoki ta yi doka a 1905 aka sake rabon. Babbar haɗewa ta zo a 1929, shekara 86 bayan ficewar, kuma ko a nan an samu waɗanda suka tsaya a waje. A Amurka ma, rabuwar 1861 da yaƙin basasa ya haifar ba ta ɗinke ba sai 1983, alhali tun 1973 wani reshe ya riga ya ɓalle.

Abu uku ke fitowa daga nan. Na farko, mutane kan rabu a kan naɗi da mallaka, sannan a nemo wa rabuwar rigar aƙida. Na biyu, kowace haɗewa kan bar saura, har ƙungiya biyu su haɗu a samu uku. Na uku, haɗewar da ta ɗore ita ce wadda aka shafe shekaru ana warware batun dukiya da muƙamai kafin bikin shelarta. Da Ben Amara ya yi amfani da irin wannan kwatanci, da babin rabuwar ya fi ƙarfi, kuma da mai karatu ya fi fahimtar abin da ya sami sulhun 2011.

Abin da fiƙihu ya tanada

Tambayar da kotun Birtaniya ta fuskanta a 1904 ba baƙuwa ba ce ga malamanmu. Babin hubusi, wato waƙafi, ya tabbatar da kiyaye sharaɗin mai bayarwa matuƙar bai saɓa wa shari'a ba, kuma masallaci idan an bayar da shi ya fita daga mallakar kowa. A mazhabar Malikiyya, Mukhtasar na Shaikh Khalil ya fifita tsohon masallaci idan masallatan Juma'a suka yawaita a gari ɗaya, ko da yake malaman baya sun yi rangwame saboda ƙuncin wuri ko tsoron fitina. Yadda aka yi aiki da waɗannan hukunce-hukunce a lokacin rabuwa, ko yadda aka kauce musu, fage ne da mai bincike na waje zai yi wuya ya shiga, alhali ɗalibinmu na da makaminsa.

Kammalawa

Littafin Ben Amara ya cancanci a karanta shi, kuma ya cancanci a fassara shi zuwa Hausa domin waɗanda aka yi rubutun a kansu su auna shi da kansu. Aikin da ya rage namu ne. Dattawan da suka ga rabuwar da idonsu a karkarar Kano suna ƙarewa, littattafan rassa da takardun filaye kuma gara na cin su. Ya kamata sassan nazarin addinin Musulunci su tura ɗaliban digiri na biyu su rubuta tarihin masallaci ɗaya ko makaranta ɗaya, su ji daga kowane ɓangare, su ajiye kwafin takardu. Umarnin riƙo da igiyar Allah gaba ɗaya da ke cikin aya ta 103 ta Suratu Ali Imrana kowa na karanta shi a mumbari. Masu neman sulhu na gaba za su buƙaci sanin ainihin wurin da igiyar ta tsinke a kowane gari. Allah ne Mafi sani.