Sarauniya ta Abdoulaye Mamani: Karatun Ɗan Ƙonni

Tun da kamfanin L'Harmattan na Faris ya buga Sarraounia a 1980, littafin Abdoulaye Mamani ya zama ƙofar da yawancin ɗalibanmu ke bi su shiga tarihin 1899. Fim ɗin da Med Hondo ya ciro daga cikinsa a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, ya ƙara masa suna. Na sake karanta shi a bana, na rufe shi da zuciya biyu.

Abin yabo ba ya ɓuya. Mamani ya ɗauki labarin da rahotannin sojan Faransa suka taƙaita cikin 'yan layuka, wato gumurzun Lugu na watan Afrilu 1899, ya hura masa rai. Ya nuna kyaftin Voulet da Chanoine yadda suke: masu ƙone garuruwa, masu rataye bayin Allah, waɗanda a ƙarshe suka harbe ɗan'uwansu kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya musu baki. Ga ɗan makarantar da aka saba koya wa cewa Nasara ya shigo ba gardama, wannan ba ƙaramin magani ba ne.

Inda na tsaya da shi, wajen surar jarumar ne. Sarauniyar littafin mayaƙiya ce mai kwari da baka, wadda Dawa ya rena kamar namiji, ta ƙi aure, tana zaɓen masoyi yadda ranta ya so. Kyakkyawar sura ce, amma ɗinkinta irin na littattafan jarumta da soyayya na Turai ne. A Lugu kuwa, sarauniya sarauta ce ta addinin Azna, ana gadonta, mai riƙe da ita tana zaune cikin killacewa, ƙarfinta na ga abin da take tsarewa. Mangu ta tarihi ta ɓace a bayan wadda marubuci ya ƙera, har malamai da dama suna koyar da ƙirar a matsayin tarihi. Haka nan malaman Musulunci da fadar Sakkwato sun fito da fuska ɗaya tak, ta ƙiyayya da tsoro, alhali zaman Azna da Musulmi a wannan yanki ya fi haka sarƙaƙiya.

Sai kuma abin da ya fi taɓa mu. Makonni kaɗan bayan Lugu, a watan Mayu, rundunar ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta yi kisan da ya fi na Lugu nesa ba kusa ba. Ba na zargin Mamani da zaɓen jarumarsa, haƙƙinsa ne. Sai dai yaro a Malbaza ko Illela zai iya ba ka labarin Sarauniya tiryan-tiryan, ka tambaye shi wa ya tsaya a ganuwar Ƙonni ranar nan, ya yi shiru. Malamin da zai sa littafin a aji, ya haɗa shi da abin da dattawan garin suka riƙe daga bakin kakanninsu.